Azumin da Na Ɗaure Kayan Kano

Bana azumi ya sake faɗowa cikin zafi. Tun hantsi bango ke ɗaukar wuta, kafin azahar ko ƙadangare ba ka gani a kan dutse. Jikokina suna shimfiɗe a siminti ƙarƙashin fanka, kowa da jiƙaƙƙen zane a ka, suna ta tambayata ƙarfe nawa. Da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke jiya, babbar cikinsu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin azumi irin wannan ba. Na ce mata gaskiyarta. Watan azumi sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya baro, kuma a wancan zagayen ko uwarta ba ta iya magana sosai ba.

A unguwar Zango muke haya lokacin, ɗaki biyu da rumfa, ni da maigidana Lawali da 'yarmu Nana wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Lawali malamin wasanni ne a lise, babbar makarantar sakandare, shi ne kuma mai horar da samarin da ke buga ƙwallon kwando, wanda mu nan Damagaram muke ce wa basket. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinmu. 'Yan lakkwal, wato 'yan makaranta, Mushe suke ce masa, yadda suke ce wa kowane malami. Ni da tsokana na fara kiransa haka, har ya bi bakina.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai, aka girbe kara. Yawancin 'yan wasan Lawali 'yan ƙauye ne, wasu daga Hamdara, wasu Tirmini, wasu Garagumsa, suna zaune a gidajen dangi cikin gari don karatu. Da can iyayensu kan aiko da hatsi ga masu riƙonsu. A shekarar babu abin aikowa, masu riƙon ma ta kansu suke yi.

Ran azumi na biyu ya shigo gab da magariba da samari biyu a bayansa, ya leƙo madafa ya ce, "Zara, ƙara wa kunun nan ruwa." Washegari huɗu ne. Kafin mako ya cika sun zama goma sha biyu, kuma babu gajere ko ɗaya a cikinsu. In sun zauna a tsakar gida suka miƙe ƙafafu, sai na yi ta tsallake kafin in kai kwano.

Ba zan ce hannu sake suke zuwa ba. Wannan ya zo da tsamiya a aljihu, wancan da ɗaurin kara, wani da ƙullin barkono. Wani ɗan Garagumsa ya taɓa kawo mini ƙwan zabi uku cikin hularsa, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Ni kuma na koyi yadda ake jan abu kaɗan ya kai. In akwai wake a yi ƙosai, kowa uku, ni ke rabawa da hannuna don na gane rabon Lawali babu lissafi a ciki. In babu, a kwaɗa zogale da ƙuliƙuli. Bayan sallah tuwon hatsi da miyar kuka, miyar ta fi tuwon yawa. Suna ci suna gardamar wanda ya zubar da ƙwallo, Nana na hawa bayan wannan tana sauka a na wancan. Gidan ba ya shiru sai sun tafi asham.

Abin da ba su gani ba shi ne safiya. Damagaram da ƙishirwa sun daɗe tare, amma a shekarar abin ya kai maƙura. Pampon unguwa sai ya kwana uku bai ɗiga ba, ran da ya zo kuma layin bido, jarkokin ɗiban ruwa, ya kai bakin titi. Don haka da an sallame asuba, Lawali ya yi shirin lise, sai in goya Nana, mu kama hanya ni da maƙwabciyata Ya Fanna zuwa wata rijiya a cikin garka, can bayan duwatsu. Zuwa da sauƙi. Dawowa ce aiki, bido a ka, yarinya a baya, rairayi ya fara zafi yana shiga takalmi, ga baki da azumi, ruwa na ƙara a saman kanka kana ji. Sau biyu nake zuwa kafin babbar randata ta cika. In dawo in yi surfe, in yi daka, in kwanta kaɗan a ƙasa inda na yayyafa ruwan wanke hatsi, la'asar ta yi in hura wuta. Da an kira magariba, mutum goma sha biyu su yi layi a bakin randa, moɗa na yawo, kafin ka ce me sai ka ji tana kartar gindi.

Ban taɓa faɗa wa Lawali ba. A ganina mai ido ya kamata ya gani. Shi kuwa idonsa na kan fili.

Na taɓa bin su filin sau ɗaya a cikin azumin. Siminti ne duk ya tsage, zoben kwandon wani maƙeri ne ya lanƙwasa shi da ƙarfen gini, ragar kuma Lawali ya saƙa da kansa. Saboda azumi ya hana gudu, jifa kawai ake yi, sa'a guda kafin faɗuwar rana. Leɓunansu sun yi fari, amma duk wanda ƙwallonsa ta shiga sai ya waiwayo ya ga ko Mushe ya gani. Babbansu Isaka, ɗan Hamdara, shi ne kapitan. Lawali ya nuna mini shi ya ce ranar da ya fara ba shi ƙwallo, rungume ta ya yi ya zura da gudu kamar wanda ya kamo ɗan akuya. Yanzu ga shi yana jefawa daga nesa ba ta ko taɓa ƙarfe. Yana ba ni labarin yana dariya har da riƙe ciki, shi da bai sa komai a baki ba tun asuba.

Ran goma ga wata muka yi baƙo. Alhaji Garba Bakano ne, yana kawo atamfa kasuwar Dole, kuma yana cikin manyan wata ƙungiyar ƙwallon kwando a Kano, irin wadda 'yan wasanta ba su da wata sana'a sai wasan, ana biyansu duk wata. Ashe watannin baya, da wasu 'yan wasa suka zo daga can aka kara, yana cikin 'yan kallo, ya ga yadda 'yan ƙauyen Lawali suka ba su kashi da takalman roba. Ya zo da la'asar sakaliya, direbansa na biye da shi da ƙanƙara guda, babba, naɗe cikin buhu da dusar katako. A ranar samarin nan sun sha ruwa har haƙora na ciwo.

Bayan an watse suka zauna a rumfa, ni ina bayan zana ina wanke kwanoni a hankali don kada su yi ƙara. Koci Alhaji yake ce wa Lawali. Ya ce so suke ya zo ya riƙe musu ƙungiya, ya bar koyar da yara tsalle a rana. Ya yi maganar albashi, ya yi maganar mota mai kai su wasa gari gari, duk ban ajiye kwano ba. Sai ya ce akwai gida, da firigo na sanyaya ruwa, da pampo biyu, ɗaya a tsakar gida ɗaya a cikin madafa. Nan na ajiye. Ya ce a ba shi amsa bayan Sallah, kafin ya koma. Lawali ya ce zai yi shawara.

Ni ban jira shawara ba. Washegari na fiddo akwatin aurena na fara jera kaya. Na je unguwar Birni na gaya wa Inna, mahaifiyata. Na gaya wa mai niƙa, na gaya wa mai kitso, wanda ke nufin na gaya wa Zango duka. Babbar randar nan ma na kyautar wa Ya Fanna, na ce me zan yi da randa a gidan da ruwa ke zuwa har madafa, na bar ƙaramar ta kai mu Sallah. A hanyar rijiya ina tafe ina gwada maganar Kanawa, Ya Fanna na dariya har bidonta na tangaɗi. Ko nauyin ruwan na daina ji, ina ƙirga sauran safiya nawa.

Tsakiyar wata Lawali ya tafi Kano ya gano wurin. Kwana biyu ya yi. Ya dawo da la'asar, ya ajiye mini tsarabar turmin atamfa, ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Na tambaye shi gida, ya ce gida na nan yadda aka faɗa, har ya murɗa pampon ya gani. Na tambaye shi fili, ya ce bai taɓa taka irinsa ba, a rufe yake, ƙasan katako ne. To me ya faru?

"Zara, sun iya," in ji shi. "Sa'a uku na yi zaune ina kallonsu. Babu wanda ya yi mini tambayar wauta ko ɗaya. Babu wanda ya jefa ta shiga ya waiwayo. Duk abin da zan gaya musu wani ya riga ni. In sun ci, su suka ci. In an ci su, a nemo wani koci. Ni abin da na iya shi ne in samo wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Ga su Isaka kuma saura wata uku su yi bak, jarrabawar fita lise. Ba zan iya ba."

Na ce, "Kai ba za ka iya ba. Ni fa? Ka san inda ruwan da kuke sha yake fitowa?"

Ya dube ni da gaskiyarsa ya ce, ba pampon unguwa ba?

Na juya na koma madafa. Na gama abincin ranar, don ba na haɗa fushina da cikin mai azumi. Da gari ya waye na goya Nana, na ɗauki akwatin da dama a ɗaure yake, na tafi Birni.

Inna ba ta tambaye ni komai ba sai da na kwana. Tana tsinkar zogale na zayyana mata duka, ina jiran ta ce a kira Lawali. Ta ce kan ruwa ina da gaskiya, kuma wautata ce da na yi shiru, namiji ba ya ganin randa sai ta bushe. Sannan ta tambaye ni yadda fuskarsa take da ya dawo daga Kano. Na ce kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

"Kwana biyu ke nan," ta ce. "Ki lissafa shekara. Wannan fuskar za ki zauna da ita tsakanin pampo biyu."

Na ce ai sai ya saba. Ta ce wataƙila, ta ci gaba da tsinkarta. Haushinta ya kama ni fiye da nasa.

Kwana na uku ya faɗo ranar da babu lakkwal. Da hantsi muka ji hayaniya a lungu, yara na ihu. Na leƙa zaure, sai ga su a jere, su goma sha biyu, kowa da bido a ka, rigunansu sun jiƙe da gumi da ruwa. Suka cika randunan Inna, suka cika na maƙwabta, sauran suka jera a gindin bango. Isaka ya durƙusa, ko a durƙushe ya kusa kai kafaɗata.

Ya ce ranar da na tafi ƙaramar randa ta ƙare tun kafin kowa ya sha na biyu. Suka tambayi Ya Fanna inda ake samo ruwa, ta ce su biyo ta da asuba, ta kai su ba ta rage musu ko taki ɗaya ba. Ya ce wani ɗan Tirmini ne ya karɓi girki, ya dama kunun da ludayi ya tsaya a ciki da ƙafarsa, Mushe kuma ya toya ƙosai baƙi a waje ɗanye a ciki, suka ci don babu yadda za su yi.

"Madam, wallahi ba mu sani ba. Sha kawai muke yi," ya ce. "Mun yi magana tsakaninmu, mun gaya wa Mushe ya tafi Kano. Mu za mu yi ta jifa da kanmu, mun riga mun gane hanya."

Yana faɗa yana kallon ƙasa. Na dubi sauran, babu wanda ya ɗaga kai. Na tambaya ina Mushen. Suka ce yana bakin lungu, kunyar Inna ta hana shi ƙarasowa. Na leƙa. Yana tsaye a rana da bidonsa har yanzu a ka, ya rasa inda zai sauke, dogon mutum kamar dirkar rumfa. Dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar, don ban gama fushi ba.

Na ce a kira shi. Na ce tunda ya ƙi kwantaran Kano, to zai sa hannu a nawa. Isaka ya yage takarda daga kayensa, littafin rubutun lakkwal, ya rubuta abin da na faɗa. Na ɗaya, ni da bido har abada. Na biyu, surfe da daka na masu dogayen hannuwa ne. Na uku, shi da bakinsa zai gaya wa Alhaji Garba, ba aike ba, ba wasiƙa ba. Na farko da na biyu ya amsa da sauri. A na uku ya yi ta murza alƙalami kafin ya sa hannu. Inna ta dangwala yatsa a matsayin shaida, tana cewa ita ba ta taɓa ganin biko da takarda ba.

Sauran kwanakin azumin nan su ne mafi daɗi da na taɓa yi, ko da yake hatsin bai ƙaru ba, zafin ma sai abin da ya ci gaba. Lawali ya mai da ɗiban ruwa horo. Da an sallame asuba sai ka ji usur, su tafi rijiya a guje, su dawo a jere da bido, wanda ya zubar ya koma. Tsofaffin unguwa suka fara ajiye bokitai a ƙofar gida, ana cika musu a wuce. Da yamma turmi biyu ke tashi a gidana, taɓare na sauka da ƙarfi har Ya Fanna ta leƙo ta katanga ta ce a tausaya wa turmin. Randar kuwa ta ce kyauta ba ta komawa, sai dai in aro. Na yi ta aron randata har muka bar unguwar.

Washegarin Sallah Alhaji Garba ya zo. Lawali ya shimfiɗa masa tabarma, ya gaishe shi, ya sake gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi ko an fara ganin hadari a wajensu. Ina bayan zana ina ji mutumin da ke tsawata wa ƙarti goma sha biyu da usur ɗaya ya koma tambayar lafiyar direba. Da na ga za a kai azahar, na yafa mayafi, na ɗauki farantin alkaki na fita. Na gaishe shi na ce, Alhaji, a yi haƙuri, ba za mu zo ba.

Ya dube ni, ya dubi Lawali, ya gane da wa zai yi ciniki. Ya gyara zama. Ya ce za a ƙara albashi, na ce ba a nan take ba. Ya ce makarantar Nana, na ce ubanta malami ne. Ya ce to a bar shi ya gama da masu jarrabawa ya zo bayan damina, na ce bayan damina wasu sababbi za su zo daga ƙauye, Alhaji ya fi ni sanin halin mutumin da ya zo nema. Ya kawo ta nan na tare, ya kawo ta can na tare. Can ya ɗauki alkaki ya gutsura, ya yi dariya har hularsa ta goce.

"Koci, na haƙura da kai," ya ce. "Amma uwargida asara ce a bar ta a madafa. Wannan bakin na kasuwa ne."

Ya ce yana da ƙanwa mai shagon atamfa a kasuwar Kwari, in ina so in zo ta nuna mini yadda ake saro kaya. Na ɗauka wasa ne irin na Kanawa. Bayan mako biyu sai ga saƙo daga ƙanwar tasa, tana tambaya yaushe zan zo.

Haka aka yi ni na zama 'yar Kano a gidan. Shekara talatin ina bin hanyar nan, da ita na yi ɗakunan da jikokina ke kwance a ciki yanzu. Lawali bai sake taka Kano ba sai sau ɗaya, bikin 'yar Alhaji. Ya zauna a filinsa har ya yi ritaya, aka sake simintin sau biyu a gabansa. Cikin goma sha biyun nan tara suka ci bak a shekarar, Isaka na cikinsu, malamin asibiti ne yanzu. Babu wanda sunansa ya fita a rediyo saboda ƙwallo. Ba zan ce ban taɓa cizon yatsa ba, musamman shekarun da abubuwa suka yi mana tsauri, shi ma na san akwai ranakun da ya tuna katakon nan. Ba mu cika tayar da maganar ba.

Tafiyata ta farko ta zo ne washegarin ruwan fari. Da yammacin ranar gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe mini shanya, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka fiddo duk abin da ke riƙe ruwa, har tukunyar miya, Nana na tsalle tsirara a tsakar gida. Da safe gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi sun cika tafkin bayan tasha da kuka. Samarin duka suka raka ni, mutum goma sha biyu suna karɓa karɓa da jaka ɗaya da ko Nana za ta iya ja. Lawali ya yi wa direba bayani sau uku inda zai sauke ni, ya ce in kula da kaina, ya ce zai tsaya nan har motar ta ɓace.

Da muka fita ƙofar tasha na leƙo ta taga don in ɗaga masa hannu. Ya ba ni baya. Yana tsaye gaban wani dogon saurayi mai lodin buhunan albasa, ya sa shi ya ɗaga hannu sama, shi kuma ya yi ɗage yana auna inda yatsunsa suka kai a jikin babbar mota.